TIYATAR RAGE ƘIBA DA YADDA TAKE SAUYA AIKIN MAGANI A JIKI



Gabatarwa

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna yadda wannan magana ta shafi wani fanni na kiwon lafiya wanda bai daɗe da shigowa ƙasar nan ba, watau tiyatar da ake yi wa masu matsananciyar ƙiba domin a rage musu nauyi. Amfanin wannan tiyata ga wanda ya cancanta abu ne da masana suka daɗe da tabbatarwa, saboda haka ba a nan za a tsaya ba. Abin da za a duba shi ne abin da yake biyo bayanta, sa'ad da mutum ya dawo gida da sabon ciki, amma da tsohuwar takardar magani a aljihunsa.

Duk wanda ya bi Titin Zariya da hantsi, ya iso Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga jama'a suna kwarara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A kewayensa akwai ɗakunan gwaje-gwaje da kantunan magani, kuma in aka shiga cikin unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, kamar Unguwar Gano da Darmanawa da Unguwa Uku, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga kemis ba. A cikin masu hulɗa da waɗannan wurare yanzu akwai wani sabon irin majinyaci: wanda ya tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya ko Dubai, ko wani asibitin kuɗi a Legas ko Abuja, aka yi masa tiyata, ya dawo bayan 'yan kwanaki. A fatar cikinsa ba abin da ake gani sai ƙananan tabo huɗu ko biyar, waɗanda riga take rufewa. Mai kemis bai san da su ba, nas ɗin da za ta ɗaura masa ruwa ba ta sani ba, shi kuma likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa. A wannan giɓi ne haɗarin yake.

Ƙiba da Asalin Tiyatar

A al'adar Bahaushe, ƙiba alamar wadata ce. In aka ce wane ya murje, ya ajiye teɓa, yabo aka yi masa. Amma likitanci ya nuna cewa ƙibar da ta wuce kima ita take buɗe ƙofa ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da toshewar numfashi a cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta.

Ana auna ta ne ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 120, ma'auninsa zai kama 41 da ɗoriya. Daga 30 zuwa sama ake kira ƙiba. A 1991 masana a Amurka suka tsayar da cewa tiyata ta dace da wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da wata cuta tare da ƙibar. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ƙa'idar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari. Ke nan yawan waɗanda za a yi wa aikin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

Tarihin aikin kansa yana ɗauke da darasi. A 1954 waɗansu likitoci a Minisota ta Amurka, cikinsu da Arnold Kremen, suka ba da rahoton wata dabara ta tsallake mafi yawan ƙaramin hanji. Mutane sun rame ƙwarai, amma da yawa suka gamu da gudawa marar yankewa, da tsakuwar ƙoda, da lalacewar hanta, har aka daina aikin. A 1966 Edward Mason na Jami'ar Ayowa, wanda ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame, ya fara aikin kewaye tumbi. A 1994 aka ba da rahoton yin wannan aiki ta ƙananan huji da na'ura mai kyamara, ba tare da an farke ciki ba, kuma daga nan ne tiyatar ta bazu a duniya. Darasin kuwa shi ne, tun ranar farko an gane cewa duk abin da ya hana jiki tsotse abinci, ba zai bar sauran abin da ake haɗiya ba.

Tafiyar Ƙwayar Magani a Ciki

Kafin a fahimci abin da tiyata take sauyawa, tilas a san hanyar da magani yake bi. Mutane da yawa suna zaton da an haɗiye ƙwaya aiki ya ƙare, alhali kuwa a nan tafiya ta fara, kuma zango huɗu ne a gabanta.

Zango na farko shi ne tumbi. Jaka ce wadda take ɗaukar kimanin lita ɗaya ko fiye bayan an ci abinci, tana da ruwa mai tsananin tsami, kuma tana murɗawa tana niƙa abin da ya shigo. A nan ƙwaya take farfashewa ta narke, domin maganin da bai narke ba jini ba ya ɗaukarsa.

Zango na biyu shi ne ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 6. A nan ne mafi yawan magunguna suke ratsawa zuwa jini. Farkonsa, wanda bai wuce santimita 25 ba, yana da muhimmanci na musamman: a nan ruwan matsarmama yake zubowa ya narkar da maiƙo, kuma a nan jiki ya fi tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi.

Zango na uku hanta ce, wadda take tace abin da ya fito daga hanji, ta lalata wani kaso na maganin kafin ya kai ga sauran jiki. Na huɗu kuwa ƙoda, wadda take fitar da saura ta fitsari. Duk adadin da aka rubuta a jikin kwalin magani, da yawan lokutan sha a rana, an tsara su ne bisa ga mutumin da waɗannan zangogi nasa suke yadda aka halicce su.

Abin da Tiyata Take Sauyawa

Ayyuka biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko, wanda ya fi kowane yawa a duniya, shi ne a yanke kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar wani siriri mai kamar hannun riga. Hanya ba ta sauya ba, amma wurin ya ƙuntata, kuma abin da aka ci yana saurin wucewa.

Na biyu shi ne na kewaye. Ana ware wata 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce cin babban cokali biyu ba, watau kimanin mililita 30, a janyo hanji daga can gaba a ɗinka mata. Mutumin Kano ba zai sha wahalar gane wannan ba. Motar kaya da ta taso daga Zariya, in ta iso wajen Na'ibawa ta karya ta bi baifas ta ɓulla Hotoro, ta iso inda za ta da sauri, amma ba ta ga Gyaɗi-Gyaɗi ba. In akwai kayan da aka saba saukewa a Gyaɗi-Gyaɗi, to, sun wuce. Haka abinci da magani suke tsallake sauran tumbi da farkon hanji, kuma ba za su gamu da ruwan matsarmama ba sai sun yi tafiyar mita ɗaya ko fiye.

Daga nan abubuwa biyar suke faruwa. Wurin narkewa ya ragu, saboda haka babbar ƙwaya tana iya wucewa ba ta gama narkewa ba. Tsamin tumbi ya ragu, balle ma akan ba majinyacin maganin rage tsamin na waɗansu watanni, saboda haka maganin da sai da tsami yake narkewa ya rasa mataimaki. Lokacin tafiya ya gajarta. Maganin da sai da maiƙo yake shiga jini ya makara wajen gamuwa da abokin tafiyarsa. Na biyar, wanda akan manta da shi, jikin kansa yana sauyawa: mutumin da ya zubar da kilo 30 ko 40 a shekara ɗaya ba shi ne wanda aka auna wa magani a bara ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa dukkan magunguna rauni suke yi. Waɗansu raguwa suke yi, waɗansu ƙarfi suke ƙarawa, waɗansu kuma suna shiga jini da gaggawa su fita da gaggawa. Babu doka ɗaya da ta game duka, sai an ɗauki kowane magani an duba shi.

Magungunan da Suke Yi wa Jiki Yawa

A ƙaddara wani ma'aikacin gwamnati ne a Unguwar Gano, mai shekara 50, wanda ya daɗe yana allurar insulin, yana shan Daonil domin sukari, da ƙwayoyi biyu na hawan jini, ɗaya daga cikinsu mai sa fitsari. An yi masa aikin kewaye, ya dawo, ya ci gaba da shan magungunansa yadda ya saba, domin ba wanda ya ce ya daina. Abin da bai sani ba shi ne, wannan tiyata takan sauko da sukarin jini cikin 'yan kwanaki, tun kafin a rame, saboda ƙarancin abinci da kuma sauyin sinadaran da hanji yake fitarwa. Insulin da ya yi daidai da mai cin malmala biyu ta tuwo ya yi wa mai shan rabin kofin kunu yawa. Sai a wayi gari yana gumi, yana makyarkyata, yana magana ba kan gado, in ba a yi sa'a ba ya suma. Iyali kuwa suna iya ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko iska, alhali sukarinsa ne ya faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi a gida. Saboda haka ne likitoci suke rage insulin ƙwarai tun daga ranar aiki, kuma sukan dakatar da irin su Daonil gaba ɗaya.

Haka maganin hawan jini. Wanda ba ya iya shan ruwa sai kurɓi-kurɓi, in aka haɗa masa da ƙwayar fitsari a zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40, jikinsa zai bushe, jiri ya ɗebe shi in ya miƙe tsaye, ƙoda kuma ta wahala.

Akwai kuma waɗansu magunguna waɗanda tazarar da ke tsakanin adadin da yake warkarwa da wanda yake cutarwa 'yar kaɗan ce. Cikinsu akwai wafarin, mai tsinka jini, wanda masu ciwon zuciya suke sha. A makonnin farko bayan tiyata yakan yi ƙarfi har ya kawo zubar jini, daga baya buƙatar ta koma hawa. Akwai litiyam na masu taɓin hankali, wanda yakan taru a jini ya zama guba in jiki ya bushe. Akwai magungunan farfaɗiya, da na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002. Irin waɗannan ba a yi musu ƙiyasi, sai dai a auna jini a kai a kai.

Magungunan da Suke Rauni

Na farko a wannan rukuni su ne ƙwayoyin da aka ƙera domin su riƙa sakin magani a hankali cikin sa'a 12 ko 24, irin waɗanda ake sha sau ɗaya a rana. An yi su ne domin doguwar hanya. A gajeriyar hanya suna iya fita da sauran magani a cikinsu. Kuma ba a daka su, domin in an daka, maganin yini guda zai shiga jini a sa'a ɗaya. Haka ƙwayoyin da aka lulluɓe domin kada su narke sai a hanji. Abin da ya dace shi ne likita ya musanya su da samfurin da yake narkewa nan take, ko da za a ƙara yawan lokutan sha. A makonnin farko ma akan fi son maganin ruwa, amma marar sukari, domin zaƙi mai yawa in ya faɗa hanji kai tsaye yakan kawo bugun zuciya da gumi da murɗar ciki da gudawa.

Na biyu, ƙwayar tazarar haihuwa. Ƙiba takan hana waɗansu mata haihuwa shekara da shekaru, kuma da zarar sun fara ramewa sai haihuwar ta buɗe. Abin farin ciki ne, amma masana suna ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, domin a lokacin jikin uwa yana cikin ƙarancin abinci, kuma ɗan tayi zai rasa abin gina jiki. Ga shi kuma ƙwayar da ake haɗiya ba abin dogaro ba ce bayan aikin kewaye. Saboda haka ake karkata ga hanyoyin da ba su bi ta ciki ba, kamar wanda ake sa wa a damtse, da mata suke kira ashana, ko robar mahaifa. Magana ce da ya kamata miji da mata su ji tare kafin a hau jirgi.

Na uku, magungunan ciwon damuwa. An gano cewa waɗansu daga cikinsu, kamar satralin, ba sa shiga jini yadda suka saba bayan aikin kewaye. In iyali suka ga mai shan irin wannan magani ya koma ƙunci da rashin barci, kada a ce butulci ne ko rashin godiya bayan kuɗin da aka kashe. Mai yiwuwa maganin ne ba ya isa inda aka aike shi.

Magungunan da Aka Haramta, da Waɗanda Aka Wajabta

Babu maganin da ya fi yawo a hannun jama'a kamar na ciwon jiki: ibufurofen, da dikulofenak, da Feldene, da asfirin mai ƙarfi. Su ne ake ƙullawa a 'yar leda a ce haɗin gajiya. Waɗannan magunguna suna raunana kariyar da bangon tumbi yake da ita. Ga wanda aka yi wa aikin kewaye, inda aka ɗinka hanji da 'yar jakar nan wuri ne mai rauni, kuma gyambo yakan fito a nan, ya yi zubar jini ko ya huje. Allurarsu ma ba ta tsira ba, domin ta jini suke ɓarnar. Shan sigari yana ƙara wannan haɗari. Abin da ya fi aminci ga ciwon kai da na jiki shi ne farasitamol, bisa adadin da aka ƙayyade.

A ɗaya gefen kuma akwai abin da majinyaci zai riƙa sha har iyakar rayuwarsa. Tumbi ne yake samar da wani sinadari wanda sai da shi hanji yake karɓar bitamin B12. In ya yi ƙaranci, sai a koma ga allura, galibi duk wata uku. Hanta tana da ajiyar wannan bitamin ta shekaru, saboda haka illar ba ta bayyana da wuri. Sai mutum ya sakankance, sa'an nan ƙafafu su fara dindiris, mantuwa ta shigo. Ga kuma ƙwayar ƙarin jini, da kalsiyam, da bitamin D. Su ma suna da dokarsu: ƙarfe da kalsiyam kishiyoyi ne, a raba su da sa'a biyu. Dukansu kuma suna kama waɗansu magunguna a hanji su hana su shiga jini, kamar sifuro da ake yawan sha domin taifod, da dolutegrabir wanda yake cikin maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ake bayarwa a Nijeriya, da maganin ƙarancin aikin halittar nan ta wuya wadda kumburinta yake kawo maƙoƙo.

Abin da Ya Keɓanta da Ƙasar Hausa

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen da ba sa fama da zazzaɓin cizon sauro. A nan kuwa, da damina ta kankama, da wuya gida ya tsira daga zazzaɓi. Tun 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin magungunan atemisinin, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne irin Coartem, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3. Ɗaya daga cikin sinadaransa biyu, lumefantirin, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo; shi ya sa ake cewa a sha shi da madara ko bayan abinci. To, ga mutumin da aka hana maiƙo, cikinsa bai wuce cokali biyu ba, ruwan matsarmamarsa yana can gaba, ga kuma amai. Hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa wannan ba majinyacin da zai sayi magani a kemis ya koma gida ba ne. Ya kamata a gwada jininsa kafin a fara, ya sha kowane zubi da ɗan kurɓin madara, a sake duba shi in zazzaɓin bai sauka ba ko ya dawo, in kuwa amai ya hana maganin zama, a kai shi asibiti a koma ga allura. Gidan sauro a wurinsa ya zama wajibi.

Abu na biyu shi ne ƙarin ruwa. An saba in mutum ya galabaita a kira wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya ɗaura masa ruwa a gida. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Wanda ya yi makonni yana amai bayan tiyata ya ƙarar da ita, kuma in aka ɗaura masa ruwa mai sukari ba a fara ba shi wannan bitamin ba, ƙwaƙwalwa tana iya taɓuwa: idanu su riƙa rawa, tafiya ta zama tangaɗi, tunani ya rikice, wani lokaci har abada. Allura ce mai araha take hana wannan, in an san a yi ta.

Na uku, abin sha na yau da kullum. Shayi yana hana jiki tsotse ƙarfe, saboda haka ba a kora ƙwayar ƙarin jini da shi. Kanwa, wadda waɗansu suke jiƙawa su sha domin ƙwarnafi, tana ƙara kashe ɗan tsamin da ya rage, ga kuma gishirin da ke cikinta. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa, a sanar da likita duk wanda ake sha.

Na huɗu, azumin watan Ramalan. Mai sabon ciki ba ya iya cika tumbi da sahur, ba ya iya kwankwaɗar ruwa da buɗa-baki. Abin da ake so ya sha, kimanin lita ɗaya da rabi, sai ya bi yini yana kurɓa. Zoɓo da kunu masu zaƙi a kan yunwa suna iya tayar masa da ciwon da aka ambata a baya. Ga kuma magunguna da ƙwayoyin bitamin da ake so a raba tsakaninsu, dukansu sun matsu a cikin dare ɗaya. Likitoci sukan ba da shawarar a dakata da azumi a watannin farko, shari'a kuwa ta riga ta yi wa marar lafiya sauƙi. Abin da ya dace shi ne a zauna da likita tun a Sha'aban, a tsara abin da zai yiwu.

Kammalawa

Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Dukkan haɗurran da aka lissafa suna da abu ɗaya da ya haɗa su: ba tiyatar ce take kawo su ba, yankewar labari ne tsakanin wanda ya yi aikin da wanda zai ba da magani daga baya. Gyaran kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Majinyaci kada ya baro asibitin da aka yi masa aiki sai da takarda mai bayyana irin tiyatar, da ranar da aka yi ta, da jerin magungunan da aka tsayar da waɗanda aka sauya, cikin harshen da likitan gida zai iya karantawa. Ya riƙe ƙaramin kati a aljihu kamar yadda yake riƙe katin shaida. Kunya kada ta sa ya ɓoye. Waɗansu sukan ce rage cin abinci ne ya ramar da su, amma abin da aka ɓoye wa maƙwabci ba a ɓoye wa likita. Kafin ya tafi ma, ya san likitan da zai karɓe shi in ya dawo, wanda zai riƙa auna jininsa sau da yawa a shekarar farko, sa'an nan aƙalla sau ɗaya kowace shekara.

Likita da nas da masanin haɗa magunguna da mai kemis su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi: an taɓa yi maka aiki a ciki? Ma'aikatan gwamnati da suke sa hannu a takardun tafiya neman magani waje, ko suke tsara inshorar lafiya, su tuna cewa kuɗin jirgi da na tiyata rabin lissafi ne. Sauran rabin shi ne gwajin jini da bitamin na shekaru masu zuwa. Ɗalibai kuwa, musamman na likitanci da na haɗa magunguna a Jami'ar Bayero, ga fili a gabansu: yadda magungunan zazzaɓi da na tarin fuka suke aiki a cikin da aka sauya tambaya ce ta ƙasashen da suke fama da waɗannan cututtuka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tiyatar rage ƙiba tana iya raba mutum da allurar insulin, ta mayar masa da ƙarfin gwiwarsa, ta ba matar da ta fid da rai haihuwa. Sharaɗin kawai shi ne, ranar da aka sauya ciki, a ɗauko takardar magani ita ma a sake duba ta, layi bayan layi.